Kai Kaɗai da Barewa a Gindin A-kori-kura: Katako, Kariya, Kiren ko Wuƙa?

Ranar Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin godiya na Thanksgiving, wanda ake yi a ƙarshen watan Nuwamba, jihar Wisconsin ta Amurka ke buɗe farautar barewa da bindiga. Kwana 9 ake yi, kuma masu yankar lasisi sun haura rabin miliyan. Maƙwabciyarta Michigan kan buɗe tata ranar 15 ga Nuwamba ta rufe ranar 30. In aka haɗa ƙasar gaba ɗaya, bareyi masu farin wutsiya da ake harbewa a shekara sun kai kimanin miliyan 6. Mu a gida da gayya muka san farauta: ga karnuka, ga kiɗa, ga samarin da za su saɓo abin da aka kashe. A can mutum kan fita tun kafin asuba, ya hau bishiya ya zauna shiru, kuma da yawa su kaɗai suke zuwa, ko don abokin tafiya bai samu hutu ba, ko don 'ya'ya sun girma sun watse. Ɗan'uwanmu mazaunin can da ya shiga harkar don ya ci naman da ya san yadda aka yi da shi, shi ma sau da yawa haka zai tsinci kansa. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a nan dole hannu ɗayan ne zai ɗauka, don haka sai a duba da me.

Mu fara da girman aikin. Baligin namijin barewa a jihohin arewa yakan yi kilo 70 zuwa 130 da ransa, mace kuma kilo 40 zuwa 90. In ka farke ciki ka fitar da kayan ciki, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ya tafi. Namiji mai kilo 90 ya dawo kimanin kilo 70 ke nan, kuma da wannan kilo 70 ɗin zan yi duk lissafin da ke tafe. Shi kuma ƙyauren baya na manyan a-kori-kura irin su Ford F-150 ko Chevrolet Silverado, in aka sauke shi, tsakaninsa da ƙasa yakan kai santimita 90, wajen ƙugun mutum. Wanda ya ƙara wa motarsa manyan tayoyi ya ƙara wa kansa aiki.

Wani zai ce kilo 70 ai ba wani abu ba ne, tunda ya saba ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 a mota. Buhu yana da baki, yana da gindi, inda ka riƙe nan yake tsayawa. Barewar da ba ta jima da faɗuwa ba kuwa laƙwas take. Ka ɗaga gaba, baya ya zube. Ka rungumi ƙugu, wuya ya lanƙwashe kai ya maƙale a ƙarƙashin ƙyaure. Gashin yana da santsi, hannunka da jini, ga sanyi ya sa yatsu sun ƙage. Sai bayan wasu sa'o'i jikin ke sandarewa, a lokacin kuma ƙafafu sun miƙe ɗoɗar, su ma sun zama abin da ke tokarewa.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wato halin da jikinka yake ciki lokacin da ka iso mota. A shekarar 2007 mujallar likitocin zuciya ta American Journal of Cardiology ta buga wani bincike da aka yi a asibitin William Beaumont da ke Royal Oak a Michigan. An maƙala wa mafarauta 25, dukkansu magidanta masu matsakaitan shekaru, na'urar auna bugun zuciya suka shiga daji da ita. 17 daga cikinsu dama suna da ciwon jijiyoyin zuciya. Mafi yawansu bugun zuciyarsu ya haura kashi 85 cikin ɗari na iyakar abin da aka auna musu a asibiti, wasu ma ya zarce iyakar baki ɗaya, kuma jan barewa na cikin ayyukan da suka fi tayar da shi. Ita kuwa hukumar NIOSH mai nazarin lafiyar ma'aikata a Amurka, nauyin da ta ɗauka a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga da hannu biyu kilo 23 ne, shi ma in kayan na daf da jiki kuma ba a murɗa ƙugu ba. Kai kuma ga ka da ninki uku na wannan, bayan ka gama jan sa rabin kilomita a cikin daji, ba kowa kusa, wataƙila ma wayarka ba sabis. Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowace hanya a kai: nawa za ta rage maka ɗagawa a daidai lokacin da ƙarfinka ya riga ya ƙare.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta zallar ƙarfi, don ba ta bukatar sayen komai. Ka jingina kan barewar da ƙyaure, ka ɗaure ƙahon ko wuyan da igiya, ka hau bayan motar, ka durƙusa ka kama ƙaho ka miƙe da shi kana ja da baya. Ko kuma ka ɗaure kan da bel ɗin ɗaure kaya a jikin zoben da ke cikin bodi, ka ɗame shi har kafaɗu su bar ƙasa, sannan ka sauko ka kama ƙafafun baya ka juya su sama. Ta biyun ta fi ta farko, don ta raba nauyin gida biyu. Ga matashi mai lafiya da ƙaramar mace mai kilo 40, ba laifi. Ga babban namiji kuwa ban yarda da ita ba. Kana tsaye a kan ƙarfe mai jini ko ƙanƙara, kana sunkuye, kana jan abu mai ƙahoni masu tsini zuwa wajen cinyoyinka. Da irin wannan ake samun ƙaba da gocewar ƙashin baya, ko mutum ya zame ya faɗo ta baya.

Kafin ka kashe ko sisi, duba ƙasar da kake tsaye a kai. In akwai gangare, ko tudun gefen hanya, ko kwalbati, ka ja motar da baya har ƙyauren ya yi kusan daidai da tudun, sai ka jawo barewar ta sama ka tura ta ciki. Wasu kan sa tayoyin baya a cikin ɗan kwari don bayan motar ya yi ƙasa. In wurin ya samu babu hanyar da ta kai wannan sauƙi. Matsalarta ita ce ba kai ke zaɓen inda barewa za ta faɗi ba, kuma kwarin da ka shiga da baya a watan Nuwamba, ƙasa a jiƙe, ba lallai ka fita ba. Ka riƙe ta a matsayin sa'a, kada ka bar gida da nufin ita za ka dogara da ita. Haka ma dabarar reshen bishiya, inda ake jefa igiya ta kan reshe a ɗaga dabbar sama a ɗaure, sannan a kawo motar ƙarƙashi a sauke. Tana aiki, amma sai an samu reshe mai ƙwari a daidai inda mota za ta iya shiga.

Yanzu ga katako, wanda a nan nake so in daɗe, don mutane kan haɗa hanyoyi biyu mabambanta su kira su abu ɗaya.

Ta farko ita ce a mai da katakon gangara. Ka samu faffaɗan filawud mai kauri, ka tsaga shi a tsaye ya zama faɗin santimita 60 da tsawon mita 2.4, ka buga masa sanduna biyu ta ƙasa don kada ya lanƙwashe. Ka jingina kansa a bakin ƙyaure. Tsayi santimita 90 a kan tsawon mita 2.4 na nufin abin da kake ja a kan gangarar bai wuce kashi 38 cikin ɗari na nauyin ba, wato kilo 70 ya koma kamar kilo 26. Sai dai gogar gashi da katako na ƙara nata, kuma tana iya kusan ninka shi. Nan ne komin roba ke shigowa. Wani dogon komi ne baƙi mai zurfi da masu kamun kifi a kan daskararren tafki ke jan kayansu a ciki, wanda aka fi sani shi ne Jet Sled, kuma kuɗinsa bai kai dala 100 ba. Ka mirgina barewar a ciki tun daga inda ta faɗi. Ƙafafu da kai duk suna ciki, ba abin da ke sarƙewa da saiwa ko itace, ƙasa ba ta shiga cikin da ka farke, jinin ma a ciki yake taruwa. Yana sulɓi a kan dusar ƙanƙara, a kan ganye da ciyawa ma ya fi jan fata nesa ba kusa ba. Wato dabbar da ke laƙwas ta zama kaya mai siffa ɗaya, mai igiya a gaba. Cikin duk abubuwan da zan ambata, shi kaɗai ne ke taimakonka a wajen ja da wajen lodi gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce a mai da katakon abin ɗagawa. Kansa na bisa ƙyaure, ka jawo barewar kansa ka ɗaure ta da bel, sannan ka koma gindin katakon ka ɗaga shi har ya miƙe, ka tura shi ciki da kayansa. In dabbar na tsakiya, ƙyaure ya ɗauki rabi kai ka ɗauki rabi: kilo 35, da rabin nauyin katakon, wajen kilo 45 ke nan. In ka iya matsar da ita sama kusa da ƙyaure sai nauyin ya ragu sosai. Tsanin alminiyam ma na yin wannan aikin, kuma ya fi katako rashin nauyi. Hanyar tana da sauri, minti biyu an gama, shi ya sa ake son ta. Amma ka lura har yanzu ɗagawa ce daga ƙasa, kuma ninki biyu ce ta kilo 23 ɗin can. Ga mai lafiyar baya wanda ya iya durƙusawa ya tashi da ƙarfin cinya, tana da kyau. Ga wanda ƙugunsa ya taɓa riƙewa, a'a.

Abin da ke fitar da ɗagawa daga lissafi gaba ɗaya shi ne fuli, 'yan tayoyin nan masu kwari da igiya ke gudana a kansu. Ana sayar da jeri mai ninka ƙarfi sau huɗu a shagunan kayan farauta, a dala 20 zuwa 30, kuma aljihun jaka yake shiga. Ka maƙala ɗaya a zoben gaba na cikin bodi, ɗaya a hancin komi. Ko da jan gangarar ya kai kilo 40, abin da hannunka zai ji bai fi kilo 10 zuwa 13 ba. Abin da za ka biya shi ne lokaci: kowace mita ɗaya da komin ya matsa, ka ja igiya mita huɗu, don haka daga ƙasa zuwa cikin bodi, tafiyar wajen mita huɗu, za ka ja kimanin mita 16. Kana tsaye a ƙasa, bayanka a miƙe, kana iya ɗaure igiyar ka huta a tsakiya ka sha ruwa.

Wurare biyu ne wannan tsarin ke ba da matsala, kuma duk a bakin ƙyaure suke. Na farko, katakon kan zame ya faɗo daidai lokacin da nauyi ya hau kansa. Maganinsa ka huda shi ka ɗaure shi da bel a jikin bamba ko mahaɗin tirela kafin ka fara ja, kada ka ce ai ya zauna. Na biyu, in komin ya iso inda gangara ta ƙare bodi ya fara, igiyar kan kwanta a kan ƙyaure tana jan hancinsa ƙasa maimakon gaba, sai ya cije. Za ka ji igiyar ta yi tauri, komin ya tsaya cak da rabinsa a sama. Kada ka ƙara ƙarfi. Ɗaure igiyar, ka zagaya baya, ka ɗan ɗaga gindin komin ka tura, zai rinjaya ya kwanta da kansa. In ka maƙala fulin gaba a wuri mai ɗan tsayi tun farko, matsalar ba ta cika tasowa ba. Sai kuma maganar tsawo. A-kori-kura masu ƙofa huɗu da aka fi saye yanzu bodinsu mita 1.7 ne ko mita 2, don haka katako mai mita 2.4 zai leƙo waje. In ka rage shi zuwa mita 1.8 don ya shige bodi mai mita 2, gangarar ta ƙara tsayuwa, abin da kake ja ya tashi daga kilo 26 zuwa 35. Da fuli wannan bambancin ba ya damun kowa. Ba fuli kuwa za ka ji shi. Wanda ba ya son aikin kafinta yana iya sayen gangarar alminiyam mai naɗewa irin ta ɗora babur a mota, ya shimfiɗa mata siririn katako a kai don komin ya samu wurin zamewa.

Kariyar ƙarfe, wato maɗorin kaya da ake maƙalawa a bayan mota, ta bi ta wata hanya dabam: maimakon ta taimake ka ka kai kayan sama, sai ta sauko da wurin ajiyar ƙasa. Yawancin a-kori-kura a Amurka suna da mahaɗin tirela, wani bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin inci 2, a ƙarƙashin bamba. A nan ake zura kariyar a sa mata fin. Tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi, an rubuta tana ɗaukar kimanin kilo 225, ko da yake abin da mahaɗin motarka zai iya ɗauka shi ne ainihin iyaka. Tsayinta daga ƙasa wajen gwiwa ne. Ka ɗora kai da kafaɗu, ka kama ƙafafun baya ka juyo su, ka ɗaure. Kuɗinta daga dala 60 zuwa 200. Ga wanda ba shi da a-kori-kura, sai jif ko ƙaramar mota mai mahaɗi, kusan ita ce amsa, don ta raba shi da jini a kafet, ta kuma raba shi da kaska. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Kaska kan saki dabba in jikinta ya huce ta nemi wani, kuma a Wisconsin da Minnesota da jihohin arewa maso gabas ita ce ke ɗauke da cutar Lyme.

Amma nama nake ji wa a kan kariya. A motoci da yawa bakin salansa na hura zafi da hayaƙi daidai inda kayan suke, alhali abin da ake so shi ne nama ya yi saurin sauka ƙasa da digiri 4 a ma'aunin Celsius. Tayoyin baya na watso ƙura da taɓo, in kuma an yi dusar ƙanƙara, har da gishirin da ake barbaɗawa a titi. Dole ka naɗe dabbar da tamfol, tamfol kuma na riƙe zafi. Tana iya rufe lambar mota ko fitilun baya, abin da zai sa ɗan sanda ya tsayar da kai. A hanyar daji mai kwazazzabai kuma takan daki ƙasa duk lokacin da gaban mota ya hau tudu. In tafiyarka gajeriya ce a kan titi mai kyau, duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. In awa uku za ka yi, suna da nauyi. Komin roba in ya zauna a cikin kariyar yana tare mafi yawan taɓon da ke tasowa daga ƙasa, don haka ko a nan bai zama asara ba.

Sai ƙaramin kiren. Shi ma a mahaɗin tirela ake zura shi: doguwar sandar ƙarfe a tsaye, hannu a sama, da abin naɗe waya mai mariƙin juyawa. Galibinsu an rubuta suna ɗaukar kilo 135 zuwa 225, kuɗinsu kuma tsakanin dala 100 da 300. Ka saƙala, ka juya mariƙi, dabbar ta tashi, ka juya sandar ta kawo ta saman bodi, ka sauke. Babu ɗagawa, babu ja. Dattijo mai shekara 70 zai yi lodin babban namiji da shi ba tare da ya yi haki ba, kuma wannan ba abin rainawa ba ne, don shi ke sa mutane da yawa su ci gaba da fita daji bayan jiki ya fara ja da baya.

In za ka saya, abubuwa uku za ka duba da idonka. Shin sandar na juyawa, ko ta rataya ce kawai? Akwai masu araha da ba sa juyawa, aikinsu fiɗa ne ba lodi ba. Shin ana iya sauke ƙyaure alhali kiren ɗin na maƙale? In ba a iyawa, sai ka ɗaga dabbar ta haye saman ƙyauren a rufe, kuma da wuya tsayin ya isa. Shin abin naɗe wayar yana da birki? Wanda ba shi da shi, in mariƙin ya kuɓuce maka lokacin saukewa zai juyo da gudu, kuma yana iya karya yatsa. Ko da mai kyau ka samu, akwai dabarar da sai an yi amfani da shi ake ganewa. In ka rataye babban namiji ta ƙafafun baya, tsawonsa a miƙe ya kusa mita biyu, waya za ta ƙare kansa na ƙasa da ƙyaure. Don lodi, ka haɗa ƙafafun huɗu ka ɗaure wuri ɗaya, ka ɗaure ƙahon a jikinsu, ka saƙala a nan. Sai ya tashi a dunƙule. Motar kuma ta tsaya a wuri mai daidaito da birkin hannu a ja, don a kan gangare kayan kan juya da kansu su nufi ɓangaren da ya fi ƙasa, kuma in kana wajen kai za su tarar. Shi kansa kiren ɗin yana da nauyin kilo 20 zuwa 30, gunduwa-gunduwa ake harhaɗa shi, da fin-fin da ke ɓacewa a cikin ganye in duhu ya yi. Ba ya kuma rage maka ko taku ɗaya na jan da za ka yi daga daji, tunda a mafi yawan filayen gwamnati an hana mota barin hanyar da aka ware.

Injin ja mai aiki da batirin mota, irin wanda ake sa wa babur mai ƙafa huɗu, shi ma wasu na kafa shi a gaban bodi su haɗa da gangara. Yana aiki sarai. Sai dai ƙarfinsa ya kai tan guda, ba ya jin lokacin da abu ya cije, zai ci gaba da ja har ya fasa komi ko ya lanƙwasa ƙarfe. Ga wanda ke lodin barewa ɗaya ko biyu a shekara, ban ga abin da zai yi masa da fuli na dala 25 bai yi ba.

Hanya ta ƙarshe ba ta bukatar lodi ma sam. Ka feɗe dabbar a inda ta faɗi, ka cire cinyoyi biyu da karfata biyu, ka zare naman gadon baya da na wuya, ka zuba a jakunkunan yadi masu shan iska, ka goyo su. Mafarautan jihohin yamma irin su Colorado da Montana, inda ake harbin manyan dabbobi a kan duwatsu nesa da hanya, haka suka saba yi. Cinya ɗaya kilo 10 zuwa 12 ce. In ka cire ƙashi gaba ɗaya, barewa mai kilo 70 ba ta cika ba da tsoka fiye da kilo 30 da ɗoriya ba. Sawu biyu ka gama, naman ya huce da wuri, ya shiga kula a bayan kowace irin mota. Ta fuskar zuciya da baya, in tazarar ta yi nisa, babu kamarta. Abin da take nema shi ne hannu. Gwani zai gama cikin awa ɗaya, sabon shiga kuwa zai yi biyu yana durƙushe a cikin sanyi da fitila a goshi, naman kuma ya kwashi gashi da ƙasa.

Doka ma tana da bakin magana a nan, kuma kowace jiha da tata. Wisconsin ta yarda a raba barewa a daji, amma kada ta wuce kashi biyar, kan ya kasance a jikin ɗaya daga ciki, kuma a fito da su duka. Texas ta yarda da cinyoyi biyu, karfata biyu da naman gadon baya, tare da riƙe shaidar namiji ne ko mace har a isa gida. Pennsylvania na bukatar ka cike takardar shaidar da ke tare da lasisinka ka maƙala wa dabbar kafin ka motsa ta daga inda ta faɗi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai cutar CWD mai cinye ƙwaƙwalwar bareyi, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967, ta bayyana a Wisconsin a 2002, yanzu kuma tana cikin jihohi fiye da 30. Saboda ita jihohi da yawa sun hana a tsallako musu iyaka da kai ko ƙashin baya daga yankin da cutar take. Wanda ke farauta a wata jiha ya koma gida wata, zai iya shan wahalar loda barewa sukutum sannan ya tarar ba shi da izinin wucewa da ita a haka. Ba a tabbatar cutar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ba da shawarar a gwada dabbar in daga yankin cutar ta fito, kuma kada a ci in an same ta da ita. Gwajin daga ƙullutun wuya ake ɗaukarsa, don haka kada ka yar da kan barewar. Ka karanta littafin dokar jiharka na shekarar da kake ciki, don ana sauya shi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mahautan da ake kai wa barewa a can sukan haɗa niƙaƙƙen naman da kitsen alade, tunda naman barewa ba shi da mai, kuma a injin ɗaya ake niƙa na kowa. Musulmi da yawa saboda haka zai gwammace ya yi fiɗarsa da kansa. In haka ne, lissafin ya ɗan sauya. Kiren ya zama abu biyu, na lodi da na rataya, don fiɗa a rataye ta fi tsabta da sauƙi. Koyon rarraba nama a daji kuma ya zama aikin da ko yaya za ka yi, wuri ne kawai ya bambanta.

To wanne za ka ɗauka? In kana da a-kori-kura, jikinka da sauran ƙarfi, kuma barewa ɗaya ko biyu kake nema a shekara, ni komin roba da katako da fuli zan ce maka. Duka ukun ba za su wuce dala 150 ba, ba abin da ke lalacewa a cikinsu, kuma komin na fara yi maka aiki tun daga inda dabbar ta faɗi. In ka haura shekara 60, ko likita ya taɓa yi maka magana a kan zuciya ko baya, ƙara kuɗi ka sayi kiren mai juyawa mai birki, amma kada ka bar komin, don jan ne ya fi lodi haɗari a gare ka. Ka kuma riƙa tsayawa kana hutawa kafin numfashi ya tilasta maka, wani a gida ya san inda ka ajiye mota da lokacin da za ka dawo. In jif gare ka kuma gida ba nisa, kariya ta wadatar. In inda kake zama ya fi kilomita ɗaya daga hanya, ko za ka tsallake iyakar jiha, wuƙa da jakar goyo su ne naka, sauran duk kaya ne kawai za su zame maka.

Duk wanda ka zaɓa, gwada shi a ƙofar gida da rana kafin ranar buɗe farauta. Zuba buhunan yashi na kilo 70 a komin, ka ja shi sama, ka ga inda yake cijewa a motarka, ka ga ko igiyarka ta kai. Ka gwada saukewa ma, don a gida ma kai kaɗai ne, kuma komi mai kilo 70 in ya kama gangara ba igiya a jikinsa, gudu yake yi. Ka bar fulin a maƙale, ka tura komin har ya rinjaya kan katako, ka tsaya a gefe, sannan ka riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan har ya taɓa ƙasa.